Muryar da Baba Ya Gane a Cikin Duhu

Mahaifina ya yi shekara talatin da wani abu yana wasan kwaikwayo a Kaduna, yawanci a rediyo, jefi-jefi a talabijin. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ko da yake raye ba ya son a riƙa yawo da shi. Amma duk wanda ya girma a gidan da ake kunna rediyo bayan sallar isha'i a shekarun 1970 da 1980, da wuya a ce muryarsa ba ta taɓa shiga kunnensa ba. Shi ne mai unguwa, shi ne alƙali, shi ne uban yarinya mai kafiya. Ni ma na bi sawunsa, sai dai ta wata ƙofar: aikin sauti nake yi a Kano, a ɗaya daga cikin ɗakunan tace fim da ke titin gidan Zoo. Sunan kakana aka sa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Babana" yake ce mini tun ina rarrafe har furfura ta fara fito mini a gemu.

Ciwon suga ne ya fara kama shi, daga baya ya sauka a idanu. Gani ya riƙa ja da baya a hankali, har ya kai sai dai ya bambance haske da duhu. Kafin a kai ga haka wani abu ya faru, kuma ni ne silarsa. Wani furodusa, yaro ne sa'ana, ya ce yana neman dattijon da zai yi masa fitowa biyu. Na ce ga mahaifina. Da na faɗa wa Baba, murna ta kama shi har ya kasa ɓoyewa. Ya sa aka kai babbar rigarsa wurin masu bugu, ya je tashar Kawo ya biya kuɗin motarsa da kansa zuwa Kano. Aka ajiye shi a kan benci a ƙofar gidan da ake ɗaukar fim ɗin tun ƙarfe tara na safe. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, babu wanda ya ce masa ci kanka. Sai dab da magariba aka zo kansa, rana tana gudu, kowa ransa a ɓace. Baba ya buɗe baki ya saki muryar nan tasa mai cika ɗaki, sai darakta ya daka masa tsawa a gaban yara: "Baba, ka rage mana! Ba a dandali kake ba." Wasu suka yi dariya. Ya rage, ya yi abin da aka ce, ya karɓi ɗan abin da aka ba shi ya kama hanya.

Da aka zo tacewa, ni ne a gaban kwamfuta, domin a lokacin ina haɗa tace hoto da na sauti. Aka ce fim ya yi tsawo, a cire fitowar tsohon nan duka biyun. Na sa hannu na cire, ban ce uffan ba. Ina tsoron kada a ce na kawo son kai cikin aiki, a daina kirana. Da na je gida ya tambaye ni yaushe fim zai fito, sai na ce masa, "Baba, zamani ya canza, ku huta haka nan." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, Babana." Daga ranar bai sake yi mini zancen wasa ba. Har yau idan na tuna wannan "to" ɗin sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Shekaru suka yi ta tafiya yana zaune a zaure da rediyonsa a gefe. A watan Satumban 2017 aka sanar da rasuwar fitaccen ɗan wasan kwaikwayo Alhaji Kasimu Yero. Inna ta ce Baba ya sa hannu ya kashe rediyon da kansa, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya ce, "Ana ta kwashe mu ɗaya bayan ɗaya." Ranar ko tuwon dare bai ci ba.

A watan Maris na 2018 na ji labarin wani fim na yaƙi mai suna Dunkirk, wanda Christopher Nolan ya ba da umarni, ya ci kyautar Oscar uku, biyu daga ciki a fannin sauti, ɗaya a fannin tace hoto. Mai sana'a irin tawa dole ya nemi irin wannan ya saurara. Labarinsa na farkon Yaƙin Duniya na Biyu ne, wanda iyayenmu suke kira yaƙin Hitila. A shekarar 1940 sojojin Jamus suka ritsa da na Ingila da Faransa a bakin teku, a garin Dunkirk da ke arewacin Faransa. Gaba ruwa, baya abokan gaba. Daga 26 ga Mayu zuwa 4 ga Yuni aka yi ta kwasar su zuwa Ingila, da jiragen ruwan soja da kuma ɗaruruwan ƙananan jirage na masunta da masu yawon shaƙatawa, har aka tsallakar da mutum sama da 338,000. Fim ɗin ya raba labarin gida uku: mako guda a bakin teku, yini guda a kan ruwa, awa guda a sararin sama.

Da hutun ƙaramar Sallah na wannan shekarar na tafi da shi gida Kaduna a kwamfutata. Daren na biyu aka ɗauke wuta, aka yi ɗan yayyafi, gari ya yi sanyi. Na shimfiɗa tabarma a zaure kusa da kujerar Baba. Abin sawa a kunnena ya lalace a hanya, don haka na jona 'yar ƙaramar sifika, na rage sauti don kada in dame shi. A zatona ma ya yi barci, carbi a hannu, kai a jingine da bango.

Aka zo wurin da jiragen yaƙi uku, irin waɗanda ake kira Spitfire, suke tafe a jere a saman teku. Ana jin gurnanin injinsu, sai wata murya ta shigo ta wayar oba-oba da ke cikin jirgin, muryar shugaban tawagar, yana umartar sauran biyun su duba man da ya rage musu, su kuma tabbatar sun bar wanda zai mayar da su gida. Ba a nuna fuskarsa ba. Ni hankalina yana kan yadda aka matse muryar aka sa mata ƙarar iska don ta yi kama da ta rediyon jirgi. Sai na ji Baba ya ce, "Babana, mayar da shi baya."

Na mayar. Ya miƙe zaune, ya karkato da kunnensa na dama, wanda ya fi ji da shi. Ya ce in sake. Sau uku ina mayarwa. A na ukun sai ya yi murmushi, irin wanda na daɗe ban gani a fuskarsa ba, ya ce, "Ashe mutumin nan yana nan da rai. Michael Caine ne."

Na ce, "Baba, anya kuwa?" Na tura fim ɗin zuwa ƙarshe inda ake jera sunaye, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karanta masa. Babu sunan. Na ce masa ya yi kuskure, wataƙila kama ce kawai. Bai yi gardama ba, ya ce, "Sunan ne babu, shi yana ciki. Ka bincika." Na ɗauko waya na shiga intanet, ban yi minti biyu ba na gani. Shi ne. Michael Caine, ɗan wasan fim na Ingila, shi ne ya ba da muryar, yana da shekara 84 lokacin da fim ɗin ya fito a watan Yulin 2017, kuma ba a rubuta sunansa a jerin 'yan wasa ba.

Na rasa abin cewa. Ni mai ido biyu da kwamfuta da shekara goma sha wani abu a aikin sauti ban ji komai ba sai ƙarar inji. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, amma a zauren nan a daren nan ji ne ya kori gani.

Na tambaye shi yadda aka yi ya gane. Nan bakinsa ya buɗe, kamar an cire toshiyar rijiya. Ya ce ba kaurin murya ake saurara ba, domin wannan shekaru suna canza shi. Inda mutum yake ajiye numfashi ake saurara. Ya ce wannan Baturen yana yanka magana gutsure-gutsure, ya faɗi kalma uku ko huɗu ya tsaya, ya sake ɗauka, kamar mai aza bulo. Ya ce tun yana saurayi ya riƙe wannan a kunnensa, lokacin da suke zuwa silima a Kaduna bayan an tashi daga aiki. Yawancin abokansa fim ɗin Indiya suke bi, shi kuwa yakan shiga na Turawa don ya ji yadda suke furta magana. Ya tuna wani fim na yaƙin sama, Battle of Britain, wanda ya fito a 1969, inda wannan mutumin ya fito a shugaban matuƙan Spitfire, aka kuma harbo jirginsa. Na duba, haka yake. Shi ya sa Nolan ya nemo shi: bayan shekara arba'in da takwas ya sake mayar da shi cikin irin jirgin nan, da irin muƙamin nan. A wannan karon ma an harbo jirginsa, shi ne ya fara faɗawa teku a arangamar farko. Sauran biyun suka leƙa ƙasa suka hango tarkace a kan ruwa, babu alamar ya fita da lema.

Duk abin da ya faɗa a fim ɗin bai wuce 'yan jimloli ba. Na ce wa Baba abin mamaki ne a ɗauko mutum mai Oscar biyu, wanda Sarauniyar Ingila ta ba lambar girma a shekarar 2000, a ba shi abin da bai kai minti biyu ba, ko fuskarsa ba a nuna ba. Baba ya girgiza kai. Ya ce, "Kai kana auna shi da mudu. Wanda ya ba shi wannan ya san darajarsa. Ya san yaran nan biyu da ke cikin jirgi suna buƙatar muryar da in ta ce musu kada su ji tsoro za su yarda. Wannan ba a koyon ta a makaranta, sai wanda ya daɗe."

Na ci gaba da karanta masa tarihin mutumin, yana gyaɗa kai. An haife shi a kudancin Landan a watan Maris na 1933, ɗan talakawa ne liƙis. Mahaifinsa ɗan dako ne a kasuwar kifi ta Billingsgate, mahaifiyarsa tana girki da shara a gidajen mutane. Lokacin da ake kwasar sojoji daga Dunkirk yana ɗan shekara bakwai, yana cikin yaran da aka fitar daga Landan aka kai karkara saboda ruwan bama-bamai, shi aka kai shi yankin Norfolk. Da ya girma aka ɗauke shi aikin soja na dole, ya je yaƙin Koriya a farkon shekarun 1950. Da na zo nan Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Ka ji ko? Ya taɓa kwana a rami yana jiran mutuwa. Shi ya sa ba ya ihu. Kakanka ma haka yake."

Kakana, wanda nake ɗauke da sunansa, yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kwasa zuwa ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a yaƙin Hitila. Runduna biyu aka tura, ta 81 da ta 82, aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan suka shiga dazukan Arakan da kwarin kogin Kaladan suna fafatawa da sojojin Japan. Da yawansu Hausa suke ji, domin ita ce harshen bariki tun da can. Inda mota ba ta shiga, a ka suke ɗaukar kaya, abinci kuma daga jirgin sama ake jefo musu. Har yau sunayen da aka samo daga wannan yaƙin suna nan a barikokinmu, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, muna wucewa ta gabansu kullum ba tare da mun tambayi daga ina suka samo asali ba. Baba ya ce mahaifinsa bai cika ba da labarin yaƙin ba. Abu guda da yake yawan maimaitawa shi ne muryar samanjansu da dare, yana bi rami-rami a hankali yana cewa a kashe taba, a duba ruwan gora, kowa ya taɓa na kusa da shi ya tabbatar yana nan.

Mun kai har ƙarfe biyu na dare. Ya ba ni labarin situdiyonsu na da: makirfo ɗaya tal a tsakiya, mutum shida a kewaye, wanda zai yi magana ya matso, wanda aka ce ya fita daga ɗaki ya ja da baya yana ci gaba da magana don a ji ya yi nisa. Ɓawon kwakwa biyu su ne kofaton doki, a murza takarda a ce wuta ta kama. Idan mutum ɗaya ya yi tuntuɓen harshe a kusa da ƙarshe, sai a mayar da tef a faro daga farko, shi ya sa kowa yake zuwa da haddarsa. Shekara nawa ina sana'ar nan, ban taɓa zama na tambayi mahaifina ko abu ɗaya a kanta ba. Malamin yana cikin gidanmu, ni ina can ina neman darasi a wurin Turawa.

Na koma Kano da abin a raina. Bayan wata biyar ko shida wani ƙanen abokina, wanda ya karanta aikin jarida yake kuma son fim, ya zo mini da gajeren labari a kan wani tsohon sojan Bama da jikarsa. Kuɗinsa kaɗan ne, ba shi da halin nuna fagen yaƙi. Dabararsa ita ce idan tsohon ya rufe ido, allo ya yi baƙi, a ji sautin daji da muryar samanja kawai. Ya ce yana tunanin ya sa wani abokinsa ya kauraro murya. Na ce masa ina da wanda zai yi, amma da sharaɗi: shi da kansa zai je Kaduna ya roƙa, ba aike ba, ba waya ba.

Yaron nan, Allah ya yi masa albarka, ya je. Ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce, "Baba, alfarma na zo nema. Ina da wuri a fim ɗina da babu mai iya cika shi sai ku." Baba ya ce a karanta masa. Jimla biyar ce. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaro, samanjanka ya cika surutu. Wanda abokan gaba suke taku ashirin daga gare shi ba ya wa'azi." Ya zubar da biyu, ya gyara uku, ya sa maganar taba da gora da taɓa na kusa, kamar yadda ya ji daga bakin mahaifinsa. Yaron yana rubutawa hannunsa yana rawa.

A ɗakin Baba muka ɗauka. Na rataya barguna a taga da ƙofa, na shimfiɗa katifa a jikin bango don kada sauti ya dawo. Muka jira har janaretocin unguwa suka mutu, wajen ƙarfe biyu da rabi, muna da kamar awa biyu kafin zakaru da kiran assalatu. Abin da ba zan manta ba shi ne, Baba ya ce a kawo masa ruwa ya yi alwala, ya sa Inna ta ɗauko masa farin kaftani da hularsa zanna. Na ce, "Baba, ai ba za a gan ku ba." Ya ce, "Makirfo yana gani." Ya ƙi zama. Na riƙe masa hannu ya miƙe tsaye, ya lalubi makirfon da yatsa, ya auna tazarar da tafin hannunsa, ya ja baya kaɗan.

Da ya fara, tsigar jikina ta tashi. Ba muryar mai unguwa ba ce, ba kuma wadda aka yi wa tsawa a Kano ba. Ƙasa-ƙasa take, kusan raɗa, amma kowane harafi yana fita daram. Yana faɗin jimla ta farko kusa da makirfo, ta biyu ya ɗan juya kai gefe, ta uku ya matsa rabin taku, sai ka rantse mutum ne yake wucewa daga rami zuwa rami. Abin da ni zan ɓata awa guda ina haɗawa a kwamfuta, shi ya yi shi da wuyansa da ƙafarsa. Na ce ya yi, ɗauka ta farko ta wadatar. Ya ce a'a. Sau goma sha ɗaya ya yi, kuma ta tara muka sa.

Da gari ya waye yaron ya miƙa masa ambulan da hannu biyu, ya tambayi yadda za a rubuta sunansa. Baba ya ce kada a sa nasa, a sa na mahaifinsa, a rubuta cewa ya je Bama ya dawo. Haka aka yi. Bayan baƙon ya tafi na zauna a gabansa na faɗa masa gaskiyar da na ɓoye shekara da shekaru, cewa ni da hannuna na cire fitowarsa a wancan fim ɗin. Ya ce ya sani tun ranar, a muryata ya ji. Ya laluba ya dafa kaina ya ce, "Ya wuce, Babana. Tashi ka kai wa innarka bargunanta."

Fim ɗin bai yi wani tashe ba. An nuna shi a wurare biyu ko uku, sannan aka ɗora a intanet. Na kunna wa Baba a waya, ya saurari wurinsa sau ɗaya, ya ce na sa ƙarar kwaɗi ta yi yawa. Na koma na rage.

Allah ya yi masa rasuwa a damunar 2021. Bai kai ga jin cewa Michael Caine ya sanar da ajiye wasa a watan Oktoban 2023 yana da shekara 90 ba, bai kuma ji rasuwar Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda shi ma sojan gaske ne kafin a san shi a wasa, a watan da ya biyo baya ba. Duka biyun ni kaɗai na ji su a ɗakin aikina, na kuma ɗaga waya kamar zan kira gida kafin in tuna.

Ainihin abin da muka ɗauka a daren nan yana nan, minti arba'in da bakwai, ban yanke ko daƙiƙa ɗaya ba. Na ajiye shi a wuri uku, na kuma tura wa Inna a wayarta. Ita ba jimlolin samanja take saurara ba. Akwai wani wuri a tsakiya, bayan ɗauka ta shida, inda ya yi tari, aka ji ƙarar kofi ta ba shi ruwa, ya ce mata "Sannu, Hajiya," sannan ya juyo ya ce, "Babana, a sake, ban ji daɗin wannan ba." Duk zuwan da na yi Kaduna, bayan mun ci tuwo, sai ta miƙo mini wayar ta ce in nemo mata wurin, domin ita ba ta iya ja da yatsa ta tsaya daidai kansa.